Neman Giwa da Ido Ɗaya

Gonar gidanmu da ke ƙasan gari, tsakanin Bakori da Malumfashi, sunanta Kwarin Giwa. Haka na tashi na ji ana kiranta, ban kuma taɓa tsayawa tambayar dalili ba. Masara da dawa ake yi a tudun, shinkafa da rake a ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Giwa kuwa ko a mafarki. Mafi girman abin da na taɓa gani ya fito daga kwarin nan wani guza ne da muka bi da jifa muna yara, shi ma ya tsere mana.

Baba ne kaɗai ya ɗauki sunan da muhimmanci. Kakansa ya gaya masa cewa lokacin da wurin yake kurmi, giwaye na saukowa shan ruwa da rani, mutanen gari su hau tudu suna kallo. Baba ya shekara fiye da sittin yana noma wurin da giwa ta sha ruwa, bai taɓa sa ta a ido ba, kuma abin na cin ransa fiye da yadda muka zata. Na taɓa nuna masa ita a waya. Ya karɓa ya juya, ya miƙo mini, ya ce wannan ai ba ta kai fara ba. Na ce to mu je gidan namun daji a birni. Ya ce wadda aka killace ana miƙa mata rake ai babbar saniya ce kawai, shi wadda ke tafiya da ƙafarta inda ta ga dama yake son gani, irin ta kakansa.

Ni ne babban ɗansa, ina sayar da takin zamani da maganin feshi a Funtua. Sana'ar ta ɓata ni da son lissafin lokaci: a zuba yau, a ga sakamako nan da kwana kaza. Ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani, kuma ban gaje shi daga wurin Baba ba.

Da daminar wata shekara Baba ya fara tuntuɓe da abubuwan da ya san wurinsu tun kafin a haife ni. Ya taka buta, ya yi karo da turmi, ya wuce maƙwabcinsa a hanya bai gaishe shi ba. Na kai shi asibitin ido. Likitan ya duba ya sake dubawa, sannan ya ja ni gefe ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu ya riga ya mutu. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin kwalba, shi ma yana tsukewa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage gudun abin amma ba zai tsayar da shi ba. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Baba ya ce, kamar mai magana da kansa, ashe dai shi da giwa sai a lahira idan akwai ta can.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na bincika, aka gaya mini akwai wani gandun daji can bayan Bauchi da har yanzu giwaye ke yawo a sake. Na ce wa Baba ya shirya mu tafi sati mai zuwa. Ya dube ni da idon nan ɗaya kamar na yi saɓo, ya tambaye ni wane mahaukaci ne ke barin masara a tsaye ya tafi yawon kallo. Wani direban tirela da ke kawo mini kaya kuma ya ce kada mu kuskura mu je sai ƙarshen rani, wajen bazara, lokacin da ciyawa ta ƙone, ruwa ya janye, namun daji suka taru a bakin kogi. Baba ya ce damina ba ta yiwuwa, direba ya ce sai bazara, ni kuma ina kallon idon yana ƙanƙancewa kowane wata. Sai na raba gardama. Da aka gama ɓarar masara aka zuba a rumbu, dawa ta yi kai amma ba a kai ga yanka ba, na ce yanzu ko a fasa. Baba ya yarda, bayan ya tara ƙannena ya yi musu huɗubar tsaron dawa daga tsuntsu da shanun mutane har sau uku.

Mu uku muka tafi a tsohuwar motata. Na ukun shi ne Baffa, aminin Baba tun suna samari, Bafulatanin da iyayensa suka zauna a gefen garinmu har Fillancin ya kusa guje masa. Ba su iya zama minti biyar ba tsokana. Baffa ya ce zai bi mu ne don kada Kaɗo ya ga jaki ya dawo ya cika gari da labarin giwa. Baba ya ce a bar shi ya zo, ai ana bukatar wanda za a miƙa wa zaki idan ya taso.

Tun daga Malumfashi har Kano, daga Kano har Ningi, aikinsu ɗaya. Baffa ya leƙa ta taga ya faɗi abin da ke gonakin bakin hanya, Baba ya yanke hukunci. Wannan ya yi sammakon shuka. Wannan rago ne, bai yi maimai ba. Wannan gero ya bari tsuntsu ya raba da shi. Mutanen da bai taɓa gani ba, gonakin da shi kansa ba ya gani, amma babu wanda ya tsira. Da na ce wata gona ta yi kyau saboda ta sha taki irin wanda nake sayarwa, sai ya ce gishirin nan nawa kwaɗayi yake koya wa ƙasa, ba ƙoshi ba. Mun saba wannan faɗan, na bar shi.

Mun kwana a Bauchi, washegari da hantsi muka isa ƙofar gandun. Na ɗauka da an shiga ƙofa an iso, ashe akwai wata doguwar tafiya a ciki kafin masauki, daji hagu da dama, ba gida ba gona ba ko akuya. Wannan shi ya fara ɗaure wa tsofaffin kai. Baffa ya ga gamba ta yi tsayi har ta rufe motar, ya riƙa salati yana tambayar ko da gaske ba a barin saniya ko ɗaya ta shigo. Baba ya sa na tsaya, ya buɗe ƙofa ya damƙi ƙasa ya murza ya sunsuna, ya ce wannan ko tsakuwa ka shuka sai ta tsiro. Sannan ya tambaye ni wai duk faɗin nan an bar wa dabbobi ne kyauta. Na ce haka ne. Ya ce to lallai dabbobin nan suna da gata.

A masaukin muka ga abin da ya fi wannan. Gwaggon biri zaune a bakin ɗakuna kamar masu jiran albashi, manya da 'ya'yansu a goye. Mugun dawa na kiwo a durƙushe a kan gwiwoyinsa, ko kallonmu bai yi ba. Wasu baƙi daga kudu suna ta ɗaukar birrai hoto suna murna. Baba ya matsa kusa har ya gane ko mene ne, sai ya ja da baya yana neman dutse. Na riƙe masa hannu na ce a nan ba a jifa. Ya ce shi tun yana ɗan shekara bakwai ake tura shi gona korar waɗannan ɓarayin, yau ga shi ya biya kuɗin mota ya zo gaishe su. Kafin ya rufe baki wani ƙato ya fizge ledar burodin da ke hannun Baffa ya haye rufin kwano, ya zauna yana ci yana kallonmu. Baba ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun kafin asibiti.

Da sassafe aka ɗora mu a wata buɗaɗɗiyar mota mai benci, tare da wani ma'aikacin gandun mai kaki da bindiga, mutum mai sanyin magana wanda ya girme ni kaɗan. Shi ne jagoranmu. Na gaya masa giwa muka zo gani, ba wani abu ba. Ya ɗan yi murmushi ya ce Allah ya sa a dace, amma da mun zo da rani da ya fi. Yanzu ko'ina akwai ruwa, ko'ina akwai ci, babu abin da zai tilasta musu fitowa fili.

Gaskiyarsa ce. Mun yi ta tafiya tsakanin bango biyu na ciyawa. Lokaci-lokaci jagoran zai taɓa kafaɗar direba, ya nuna wani wuri, ya rada sunan dabba. Baffa mai idon makiyayi shi ke fara gani. Ga gwanki can. Ga mazo ya tsallake. Ga ƙahon ɓauna. Ni in hango wutsiya ko kunne. Baba kuwa sai ya juya kai gaba ɗaya yana laluben wurin da ɗan ramin ganin da ya rage masa, kafin ya daidaita, abin ya shige. Kowane karo sai ya ce, "Ina? Ina take?" mu ce ta wuce. Tun yana tambaya har ya daina. Zabin daji kaɗai ya gani da kyau, don sun tsaya a tsakiyar hanya, ya ce waɗannan ai akwai su a bayan gidansa.

Mun fita da safe, mun fita da yamma, mun sake fita washegari. Babu giwa. Raina ya ɓaci, na fara jin haushin kowa: direban tirelan da ya faɗi gaskiya, Baba da masararsa, ni kaina da gaggawata. Na san idan muka koma haka, ba za a sake zuwa ba. Idon ba zai kai bazara ba.

A fita ta uku, wajen hantsi, motar ta tsaya saboda wasu tulin abubuwa a kan hanya, kowanne ya kai ƙwaryar fura. Jagoran ya ce kashin giwa ne, garke ya ratsa nan. Ni ban ga abin murna a ciki ba, mun zo ganin mai kaya an nuna mana kaya. Amma Baba ya ce a sauke shi. Jagoran ya duba ko'ina, ya saurara, sannan ya yarda.

Baba ya tsuguna kamar yadda yake tsugunawa a bakin bola idan zai sayi takin gargajiya. Ya sa bayan hannu ya ji ɗuminsa. Ya ɗauki guda ya auna nauyinsa, ya ɓare shi biyu, ya sunsuna. Baffa na daga mota yana cewa a taimaka a ba Kaɗo cokali. Baba bai kula shi ba, yana ta murzawa da yatsu, yana ware zare-zaren da ke ciki, yana kai wasu kusa da idonsa. Ni kaina sai na sauko, don ban taɓa tunanin yadda abin yake ba. Ba ya wari kamar na shanu. Kusan duk ciyawa ce da ɓawon itace da ba su gama narkewa ba, har da ƙwallayen aduwa.

Can sai Baba ya ɗago tafin hannunsa, da wasu 'yan ƙwayoyi a kai.

"Malam," ya ce wa jagoran, "a dajin nan naku ana shuka kaura?"

Jagoran ya ce ba a shuka komai a gandu.

"To wannan dawa ce, kaura, ga kuma ɓargon kara. Ba ta daɗe da ci ba. Dabbar nan gonar wani ta kwana."

Jagoran ya sauko ya duba, ya dubi Baba, ya gyaɗa kai. Ya ce haka ne, a irin wannan lokaci garken kan koma can gefen gandu, kusa da ƙauyukan da ke bakin iyaka, saboda dawa ta nuna. Su ma ma'aikata suna fama, suna zuwa taya mutane kora, amma dajin da faɗi. Baba ya kakkaɓe hannu ya ce to mu muke ta wahalar da kanmu a cikin ciyawa, ai sai a tafi inda dawar take. Jagoran ya ce motar gandu ba ta kai baƙi can, amma ƙauye ne kamar kowane ƙauye, akwai hanya ta waje. Ya kwatanta mini, ya kuma buga waya ga wani manomi da ya sani a can, wanda giwayen ke shiga gonarsa, ya ce ga baƙi nan tafe.

Zagayen ya ci mana rabin yini a kan hanyar da ta kusa raba motar da ƙafafunta. Kafin mu shiga ƙauyen Baba ya sa na tsaya na sayi goro. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce ba a shiga wurin wanda aka yi wa ɓarna hannu rabbana a ce an zo kallo, jaje za mu fara yi.

Mai gonar sa'ana ne, siriri, idanunsa jajur don rashin barci. Ya karɓi goron da hannu biyu, ya yi ta godiya, yana mamakin mutanen da suka taso tun daga ƙasar Katsina. Ya kai mu gonar. Rabinta na tsaye, dawa mai kyau, kawuna sun sunkuya don nauyi. Ɗaya rabin kuwa kamar an yi dambe a kai. Kara a kwance, wasu an tumɓuke da saiwa, wasu an tauna an tofar. Ya ce kwana uku ke nan giwayen suna zuwa, wani lokaci tun kafin rana ta faɗi. Saura kamar kwana goma dawar ta isa yanka, kuma ita ce abincin gidansa na shekara.

Baba ya shiga cikin ɓarnar yana lalube da sanda. Ƙafarsa ta faɗa wani rami a inda ƙasa ke da laushi, mai gonar ya ce sawun giwa ne. Baba ya durƙusa ya bi gefen da hannu, ya auna, taƙi biyu har da ɗori. Ya sa ƙafafunsa duka biyu a ciki ya tsaya, ya kira Baffa ya zo ya gani, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi. Daga nan hannunsa ya kai kan wani kan dawa da aka take cikin laka. Ya ɗago shi ya share, ya daɗe yana riƙe da shi. Murnar ta bar fuskarsa. Ya ce wa mai gonar Allah ya mayar da alheri, ya tambaye shi yaransa nawa.

Da Baba da Baffa suka koma gefe yin alwalar la'asar, na ja mai gonar na gaya masa zancen idon. Na ce wannan ce damar tsohon ta ƙarshe. Na roƙe shi, idan giwayen sun fito, su ɗan dakata da kora har su matso fili sosai, ko na 'yan mintoci ne, don daga nesa ba zai ga komai ba. Na san abin da nake roƙo. Na ga rabin gonar da idona, na kuma san abin da garke zai yi a 'yan mintoci. Mutumin ya dubi dawarsa, ya dubi Baba yana wanke ƙafa. Ya ce baƙo ne, kuma dattijo, za su dakata. Ban gaya wa Baba ba, don na san halinsa.

A gefen gonar akwai wani falalen dutse mai tsayi, a kansa suke tsaro. Muka taimaka wa Baba ya hau. Akwai maza huɗu ban da mai gonar, kowa da abin bugawa: tsohuwar garwa, murfin tukunya, gwangwanin man gyaɗa. Sun tara busasshen kashin shanu da barkono za su kunna, sun ce giwa ba ta son hayaƙin. Baba ya yi ta yi musu tambayoyi. Da wane gefe take fara ci? Tana cin wake? Gaskiya ne tana gane wanda ya taɓa jifanta? Suka ce babbar mace ce ke jan garken, kuma ta san lokacin nunar dawa fiye da su masu shukar.

Rana ta yi ƙasa, hasken ya fara ja, wanda shi ne lokacin da idon Baba ya fi rauni. Ina ta duban agogo ina cizon leɓe. Sai Baffa ya daina magana a tsakiyar zance, ya ɗaga hannu. Na ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Bishiyoyin bakin dajin suka motsa.

Ta fito. Ban san me na zata ba, amma ba wannan ba. Ba ta da gaggawa ko kaɗan. Jikinta ja saboda ƙasar da ta yi wanka da ita, kunnuwan na kaɗawa a hankali, haure ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta tsaya ta ɗaga hanci sama tana shinshinar iska. A bayanta wasu suka biyo, har da ƙarama da ke shiga tsakanin ƙafafun uwarta. Duk girman nan, ban ji takunsu ba. Na manta da kowa na ɗan lokaci, bakina a buɗe.

Da na farga sai na kama kan Baba da hannu biyu na juya shi saitin wurin. Na ce ga ta can, Baba, daidai bishiyar nan mai tsayi. Ya ƙura ido, ruwa na zuba daga cikinsa. Ya ce yana ganin duhu-duhu. Na ce ya yi haƙuri, tana matsowa. Na waiwaya na ga mai gonar a tsugune, garwa tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗaga sanda sama bai sauke ba. Sauran mazan na kallonsa, shi yana kallon gonar.

Garken ya shigo kunyoyin farko. Sai ƙarar ta fara: ƙaras, ƙaras, ƙaras. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙarar karan dawa idan ya karye. Na ji wuyan Baba ya sandare a hannuna.

"Mi suke jira?" ya ce.

"Kai suke jira, Baba. Ta ƙara matsowa kaɗan ka gan ta sosai."

"Ni? Dawar bawan Allan nan ce ake karyawa don ni?"

"Minti biyu kawai, Baba. Ka duba, ga ta nan."

Ya fizge kansa daga hannuna. Ya lalubi gefensa, hannunsa ya faɗa kan gwangwanin mutumin da ke kusa, ya warce shi, ya ɗaga sandarsa ya shiga dukansa da iyakar ƙarfinsa. Ya buɗe murya da ihun nan da na sani tun ina yaro, wanda yake wa birrai da shanun da suka shigo Kwarin Giwa. Mai gonar kamar an kwance shi, ya sauke sandarsa a kan garwa. Dutsen gaba ɗaya ya ɗauka, har Baffa na buga murfin tukunya yana zagi da ɗan Fillancin da ya rage masa. Wani ya kunna barkonon.

Babbar ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, ta yi wata irin kururuwa. Na ɗauka kanmu za ta yo. Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta kaɗa kai, sannan ta juya. Sauran suka bi ta, ƙaramar a tsakiya, daji ya rufe su. Baba bai daina bugawa ba sai da aka riƙe masa hannu aka ce sun tafi.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Bayan mun yi magariba a ƙauyen na same shi shi kaɗai na ce masa kwana biyu muka yi a hanya, kwana biyu a daji, saura taku kaɗan ya ga abin da ya shekara sittin yana so, shi da hannunsa ya kore ta. Ya bar ni na gama.

"Ido ne ya lalace mani, ba kunne ba," ya ce. "Ina jin ana karya abincin yaran mutum, in tsaya kallo? Da wace fuska zan koma in dubi tawa dawar?"

Can na tambaye shi ko ya ga wani abu ko kaɗan. Ya yi tunani, ya ce ya ga wani abu kamar rumbu yana tafiya, daga nan bai ƙara dubawa ba. Baffa ya ce shi shaida ne, Kaɗo bai ga giwa ba, amma giwa ta ji Kaɗo, kuma ba za ta manta ba.

Da safe mai gonar ya yanko kawunan dawa biyar daga waɗanda suka tsira, ya ɗaure ya ba Baba. Baba ya riƙe su a cinya har gida, bai bari an sa a but ɗin mota ba. Daga baya mutumin ya bugo waya ya ce sun samu sun yanke abin da ya rage.

Kafin damina ta zagayo idon daman ya rufe. Dawar nan kuwa Baba ya sa an shuka ta a kunya uku a Kwarin Giwa, ya hana ni zuba mata takina, kuma har yau ana ware irinta duk shekara. Idan ta yi kai sai a riƙe masa hannu ya bi kunyoyin yana shafawa.

Ni na ga giwa, gaba ɗayanta, da idanuna biyu lafiyayyu, amma ban cika ba da labarin ba. Duk lokacin da na tuno ta, hannun mutumin nan nake fara gani a sama, da sandar da ni na hana shi saukewa, sai kunya ta kama ni. Baba ne ke ba da labarin, a zaure, ga duk wanda ya zauna, tun daga burodin Baffa har kururuwar. Idan jikoki suka matsa masa ya faɗa musu yadda kamanninta suke, sai ya nuna inda yake jin motsina da sandarsa.

"Ku tambayi babanku, shi ya tsaya kallo," yakan ce. "Ni lokacin aiki nake."